SSD ɗina yana ɓacewa idan laftof ya huta, laifin direba ne ko na faifan?

Baƙin Allo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin Linux ku zo ku taimaka min, sati biyu kenan ina fama da abu ɗaya. Na sa sabon SSD irin NVMe a laftof ɗina, na ɗora Linux lafiya ƙalau, idan ina aiki babu wata matsala ko awa goma zan yi, amma da zarar na tashi na bar shi kamar minti ashirin ko talatin in dawo sai in tarar komai ya sandare, mawus na motsi amma ko ls na rubuta sai ya ce Input/output error. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ko na yi ristat BIOS ma baya ganin faifan, sai na kashe gaba ɗaya na jira kaɗan na kunna sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru. Kuma wlh a Windows na gwada kwana uku bai taɓa yi ba. Faifan ne ya lalace ko direban Linux, wato manhajar da ke magana da faifan, shi ne bai san shi ba?

Mai Sukudireba:
Wa alaikumussalam. Kafin komai ɗan uwa ka kwashe fayilolinka masu muhimmanci ka ajiye a wani waje yau ɗin nan, duk abin da za a ce maka ka gwada daga baya ne. Sannan ka buɗe ka cire faifan ka sake zaunar da shi da kyau ka ɗaure sukurun, na sha ganin wanda bai zauna daidai a ramin M.2 ba yana irin wannan ɗauke-ɗauken.

Baƙin Allo:
Na yi duka biyun Oga, har goge haƙoran na yi. Bai canza ba.

Anti Sudo:
Muna buƙatar ganin abin da kanel, wato zuciyar Linux ɗin, ya faɗa a daidai lokacin da abin ya faru. Matsalar ita ce idan faifan ya ɓace babu inda za a rubuta log ɗin, shi ya sa in ka sake kunnawa ka duba journalctl ba za ka ga komai ba, zai yanke ne kawai kamar an datse da almakashi. Ka buɗe tamina ka rubuta sudo dmesg -w ka bar ta a buɗe a gaban allo, ka hana allon kulle kansa, in ya sandare sai ka ɗauki hoto da waya. Ko kuma ka shiga ta ssh daga wata kwamfutar ka bar dmesg -w ɗin yana gudana a can.

Baƙin Allo:
Na gode Anti, dabarar ta yi aiki. Ga abin da na kwafo daga hoton:

nvme nvme0: controller is down; will reset: CSTS=0xffffffff

a ƙasa kuma yana tambaya wai ko na'urar tana da matsalar yanayin adana wuta, ya ce in gwada nvme_core.default_ps_max_latency_us=0 pcie_aspm=off pcie_port_pm=off in kai rahoto. Bayan nan sai layuka ja da yawa na ext4 yana cewa ya mayar da faifan na karatu kawai.

Malam Kanel:
Madalla, yanzu magana ta fito. Ka ga wannan 0xffffffff ɗin ba amsar faifan ba ce. CSTS wani ɗan gurbi ne a cikin kontirolan da direba ke leƙawa ya ga lafiyarsa, to idan ka karanta abu a layin PCIe, hanyar da faifan ke magana da kwamfutar, babu wanda ya amsa sai a dawo maka da ɗaya-ɗaya zalla, shi ne f guda takwas ɗin nan. Ma'ana direba ya ƙwanƙwasa ƙofa ba kowa a ɗakin. Direban yana jiran daƙiƙa 30 kafin ya yanke cewa umarni ya maƙale, shi ya sa za ka ga injin ya yi tsit na ɗan lokaci kafin kurakuran su fara zubowa.

Abin da nake zargi shi ne APST. Faifan NVMe yana da matakan wuta, na sama yana aiki da cikakken ƙarfi, na ƙasa kuma barci ne, kuma barcin ma hawa-hawa ne. Direba yana rubuta wa faifan tebur ya ce in ka yi shiru na lokaci kaza ka sauka mataki kaza da kanka ba sai na ce maka ba. An shigar da wannan cikin Linux a siga 4.11 a 2017, Andy Lutomirski ne ya rubuta shi, kuma tun lokacin ake samun faifan da in ya shiga barci mafi zurfi baya iya tashi. Alamarka duk ta nuna haka: yana aiki ba ya yi, yana hutawa ya tafi, kuma sai an yanke masa wuta ɗungurungum yake farfaɗowa.

Mai Sukudireba:
To ai shikenan an gama, kanel ɗin da kansa ya ba shi magani. Ka buɗe /etc/default/grub ka zuba layin nan guda uku a cikin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT ka yi update-grub ka ristat ka ci gaba da harkarka. Ni haka nake wa duk wanda ya kawo min irin wannan kuma ba wanda ya dawo.

Malam Kanel:
Zai yi aiki Malam, ban musa ba. Amma ka duba me aka kashe. Na farko ya hana faifan barci kwata-kwata, na biyu ya hana kanel taɓa tsarin adana wuta na duk layukan PCIe, ba na faifan kaɗai ba har da katin wayales da sauransu, na uku ya hana tashoshin PCIe ɗin su ma su huta. A laftof wannan batir ne kake zubarwa da zafi da kake ƙarawa, kuma har yanzu ba ka san a cikin ukun wanne ne ya yi maganin ba. Saƙon ma ai bai tsaya a gwada ba, ya ce a kai rahoto, wannan rabin ne kowa ke tsallakewa.

Mai Sukudireba:
Malam mutum yana son kwamfutarsa ta yi aiki ne fa, ba bincike ya zo yi ba. Wa ke da lokacin rubuta wa Turawa wasiƙa su yi wata ba su amsa ba.

Baƙin Allo:
A'a Oga ni ina so in bi diddigin abin, hutu muke yi ina da lokaci. Malam me zan fara yi?

Malam Kanel:
Sa nvme-cli, ka rubuta sudo nvme id-ctrl /dev/nvme0 ka gangara can ƙasa za ka ga layuka masu farawa da ps 0, ps 1 har zuwa na ƙarshe. Turo mana waɗanda aka rubuta non-operational a jikinsu. Ka kuma duba layin fr, shi ne sigar famwayar faifan, wato manhajar da ke cikin faifan kansa, ka rubuta ta a takarda za mu buƙace ta.

Baƙin Allo:
Guda biyar ne, 0 zuwa 4. Na 3 da na 4 ne non-operational. Na 3 exlat ɗinsa 3000, na 4 kuma 40000.

Malam Kanel:
Yauwa. exlat shi ne lokacin da faifan da kansa ya yi alƙawarin zai ɗauka kafin ya farka daga wannan matakin, ana auna shi da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Direba yana kwatanta shi da iyakar da aka ba shi, wadda in ba ka taɓa ba 100000 ce, duk matakin da ya wuce iyakar sai a tsallake shi. Ka ga naka duka biyun suna ƙasa da 100000 don haka an bar shi ya shiga har na 4. Iyakar nan ita ce nvme_core.default_ps_max_latency_us ɗin, yanzu kar ka sa mata 0, sa 10000 kawai, shi kaɗai ba tare da sauran biyun ba. Zai bar shi ya yi barcin na 3 ya hana shi na 4. Bayan ka ristat ka tabbatar da sudo nvme get-feature /dev/nvme0 -f 0x0c -H, zai nuna maka teburin da direban ya rubuta, in ba ka ga 4 a ciki ba to ya kama. Ka bar injin ya kwana a kunne.

Ɗan Koyo:
Gafarta Malam ina da tambaya, ƙila ta yara ce. Ba an ce NVMe ƙa'ida ɗaya ce kowa ke bi ba? To me ya sa a Windows yake aiki a Linux baya yi, ba yana nufin direban Linux ne ke da kuskure ba kenan?

Injiniya SATA:
Ba tambayar yara ba ce ƙanina, ita ce ma tushen maganar duka. Ƙa'idar a rubuce take tun 2011, kuma direban Linux yana cikin kanel tun siga 3.3 a 2012. Amma takarda daban, abin da aka gwada a masana'anta daban. Ƙa'idar tana da faɗi, ta halatta abubuwa da yawa, kamfani kuma in zai fitar da faifai na masu laftof yawanci a Windows yake gwadawa, in ya wuce sai kasuwa. To duk wata hanya da ƙa'ida ta halatta amma Windows baya bi ta cikinta, ba lallai wani ya taɓa taka ta ba, ciyawa ce ta rufe ramin. Linux ya zo ya bi ta nan da takardarsa a hannu yana da gaskiya sai ya faɗa. Shi ya sa ni ra'ayina, kuma na san Malam Kanel ba zai yarda duka ba, direban da ke son ya yi aiki da kayan da mutane ke saya a zahiri dole ya riƙa kallon yadda ɗayan tsarin ke yi ya bi sawunsa a inda ba a rasa komai.

Malam Kanel:
Na yarda da rabi Injiniya. Matsalar bin sawu ita ce ba ka ganin ƙafar, Windows a rufe yake, sai dai hasashe ko a sa na'urar sauraren layi a ga me yake aikawa. Kuma ko a can ɗin ba hali ɗaya ba ne, akwai direban da ke zuwa da shi tun Windows 8.1, akwai na kamfanonin da ke ɗora nasu, akwai saitin wuta da mai ƙera laftof ya cusa. Wanne za ka bi?

Shi ya sa ake da jerin togaciya. Ɗan Koyo in ka sauke lambar kanel ka buɗe drivers/nvme/host/pci.c ka je kusan ƙarshe za ka ga wani dogon tebur, kowane layi lambar kamfani ce da lambar na'ura sai tuta a gefe. Wannan a jira shi kaɗan kafin a duba ko ya shirya, wannan kar a yarda da lambar shaidar da ya bayar, wannan kar a bar shi ya yi barci mai zurfi. Ta ƙarshen sunanta NVME_QUIRK_NO_DEEPEST_PS, kuma abin da muka sa Baƙin Allo ya yi da hannu shi take yi, bambancin kawai ita tana yi wa duk mai irin faifan a duniya ba tare da ya san ma akwai matsala ba. Layi biyu ne a fayil amma bayan kowane akwai wani da ya zauna kamar yadda ɗan uwanmu ke zaune yanzu.

Injiniya SATA:
To ai nan ne nake da ja. Teburin nan kullum a baya yake, sai wani ya ƙone sannan a rubuta. Kuma kontirola ɗaya sai ka ga kamfanoni goma sun saya kowa ya manna sunansa, wani ya canza lamba wani bai canza ba. Ka tuna abin da ya faru a siga 5.18 a 2022? Aka ƙara bincike cewa lambar shaidar kowane faifai dole ta zama babu irinta, ƙa'ida ce ta ce haka kuma da dalili, saboda a manyan sabobi faifai ɗaya ana iya isa gare shi ta hanya biyu, da lambar ake gane abu ɗaya ne. Sai ga shi faifai masu araha da yawa duk lamba ɗaya aka buga musu daga masana'anta. Mutum yana da guda biyu iri ɗaya a injinsa, ya sabunta kanel, na biyun ya ɓace, dmesg na cewa globally duplicate IDs. Me aka yi? Aka dinga ƙara NVME_QUIRK_BOGUS_NID ɗaya bayan ɗaya, faci kan faci sama da shekara, teburin na ta tsawo. Sai a 2023 aka canza dabara, aka ce in faifan PCIe ne mai ƙofa ɗaya wanda ba yadda za a yi a iso shi ta hanya biyu, to kar a ƙi shi, a yi watsi da lambar bogin a yi gargaɗi a ci gaba. Gyara ɗaya ya rufe abin da togaciya da yawa ba su rufe ba. Wannan nake nufi da inganta direba.

Malam Kanel:
Misalin ya yi kyau kuma gaskiya ne. Amma ka lura da abin da ya sa aka iya yin hakan: a can an samu sharaɗin da direba zai duba ya san babu haɗari. A maganar barci wane sharaɗi za ka duba? Faifan ya ce zan farka cikin 40000, ba ka da hanyar sanin ƙarya yake sai ka gwada, in ka gwada kuma ya tafi da bayanan mutum a hannu. Abin da ya rage shi ne ka hana kowa barci mai zurfi saboda 'yan kaɗan, ka ga an hukunta masu lafiya kenan, batirin mutane da yawa ya tafi a banza. Kuma ba don rahotannin nan masu yawa ba da ba a gane girman matsalar lambar ba balle a canza.

Anti Sudo:
Ku biyun kuna da gaskiya a wuri daban ne. Ni abin da zan ƙara daga ɓangaren masu kula da saba, togaciya mai faɗi ita ma cuta ce. A ɓangaren SATA jerin yana cikin drivers/ata/libata-core.c, shi ba da lamba yake kamawa ba, da sunan samfur da sigar famwaya yake, har da alamar tauraro. Akwai lokacin da TRIM, umarnin da ke gaya wa SSD wuraren da aka goge, irin mai shiga layi tare da sauran umarni yake ɓata bayanai a wasu SSD, aka hana su shi, daidai ne. To amma in aka rubuta sunan da tauraro ya haɗiye dangi guda, samfurin da aka gyara daga baya shi ma ya shiga ciki, kuma cire suna daga jerin ya fi sa shi wuya nesa ba kusa ba, don babu mai son ya zama shi ne ya cire bayanan wani suka lalace. Shi ya sa masu kula da direban ke matsa wa mutum da tambaya, ba wulaƙanci ba ne.

Wanda ke da SATA yana zargin irin wannan zai iya gwadawa ba sai ya haɗa kanel ba, libata.force=noncqtrim ko libata.force=noncq, in kuma kebul ne ko tashar ke wasa libata.force=3.0G ya rage gudun daga 6G.

Ɗan Koyo:
Anti to ni nawa na waje ne, SSD a cikin ɗan akwati mai USB, in ina kwafar babban fayil sai ya yanke ya dawo. Shi ma wannan ne?

Anti Sudo:
Dangi ne amma gida daban. A nan ba faifan kake magana da shi ba, akwai ɗan guntu a cikin akwatin da ke fassara tsakanin USB da faifan, yawanci shi ne mai rigimar. Rubuta lsusb -t, in ka ga Driver=uas to sabuwar hanya ake bi mai aika umarni da yawa a tare. Ɗauki lambobi biyun da lsusb ya nuna ka sa usb-storage.quirks=lambarfarko:lambabiyu:u, wannan u ɗin zai mayar da shi tsohuwar hanya mai umarni ɗaya-ɗaya, gudu zai ragu amma in ya daina yankewa ka san inda matsalar take. Amma fara canza kebul da tasha tukuna, ƙarancin wuta ma yana kawo daidai wannan alamar. In za ka ci gaba buɗe sabon zare kar mu cakuɗa da na Baƙin Allo.

Baƙin Allo:
Jama'a barkanmu da safiya. Kwana biyu kenan da 10000, na bar shi a kunne dare biyu, bai ɓace ba ko sau ɗaya!! Don in tabbatar jiya da rana na cire layin na ristat, minti 25 ya tafi. Na mayar ya zauna. To Malam yanzu sai in rubuta facin NO_DEEPEST_PS ɗin da lambar da lspci -nn ya ba ni ko? Har na sauke lambar kanel ɗin na ga teburin, wlh daɗi ya kama ni da na ga abin da kuke faɗa da idona.

Malam Kanel:
Barka da ƙoƙari, kuma cirewar da ka yi ka ga ya dawo ita ce ta mayar da shi hujja. Amma dakata kaɗan, saura tambaya biyu da masu kula da direban za su yi maka, gara mu yi maka su a nan. Ta farko, akwai sabuwar famwaya? Duba da fwupdmgr get-updates, in babu duba shafin kamfanin, har da BIOS na laftof ɗin. In famwaya ta gyara to togaciyar ba ta kowa ba ce, ta masu tsohuwar siga ce, kuma akwai wani ƙaramin tebur a core.c da ke kamawa da sunan samfur da sigar famwaya saboda irin haka. Ta biyu, ka gwada faifan a wani injin? Don har yanzu abin da ka tabbatar shi ne faifan nan a cikin laftof ɗin nan baya farkawa. Ba ka tabbatar faifan ne shi kaɗai ba.

Mai Sukudireba:
Wannan ta biyun gaskiya ce, ni ma na taɓa ganin faifan da ke hauka a madabod ɗaya, wato babban allon cikin kwamfuta, a wani kuma lafiya lau. Ban taɓa tsayawa na bi dalili ba dai.

Baƙin Allo:
Famwaya babu sabuwa, BIOS ma ina kan na ƙarshe. Akwai tebur-tof na yayana mai ramin M.2, zan roƙe shi ya ara min zuwa jibi.

Injiniya SATA:
In za ka gwada ka tabbatar kanel ɗaya ne kuma ka cire layin 10000 ɗin, sannan ka duba da get-feature cewa mataki na 4 yana cikin teburin a can ma, in ba haka ba gwajin bai gwada komai ba. Ka kuma duba sudo lspci -vv a injinan biyu, layin LnkCtl zai gaya maka ko ASPM, wato barcin layin PCIe, a kunne yake, sannan L1SubCtl1 zai nuna ko L1.2, matakinsa mai zurfi, na aiki. Tebur-tof da yawa suna zuwa da shi a kashe daga BIOS, laftof kuma a kunne saboda batir.

Baƙin Allo:
Toh jama'a abin ya juya. A injin yayana awa 40 ba layin komai, mataki na 4 yana cikin teburin na duba, faifan ko gezau. Kuma kamar yadda Injiniya ya ce a can ASPM Disabled ne, a laftof ɗina kuma L1 Enabled kuma L1.2 da alamar ƙari. Gsky jikina ya yi sanyi, na ɗauka na kama ɓarawon.

Malam Kanel:
Kar jikinka ya yi sanyi, yanzu ne ma ka matso kusa. Barci iri biyu ne a nan. Akwai na faifan kansa wato APST, akwai na layin da ke haɗa shi da madabod wato ASPM, a L1.2 kusan komai na layin ake kashewa har agogon da ke ba shi bugu, sai an ja wata siginar kafin ya dawo. Mai yiwuwa kowanne shi kaɗai lafiya ne, sai sun haɗu faifan yana can ƙasa layin ma yana can ƙasa sannan tashin ke gagara. Da ka tura facin farko da an hana duk mai irin faifan nan barci mai zurfi alhali wataƙila a allonka ne kawai abin ke faruwa. A pci.c ɗin da ka sauke nemi check_vendor_combination_bug, aikinsa kenan, yana duba lambar faifai tare da sunan allon da BIOS ya bayar, sai sun haɗu biyun togaciyar ke hawa.

Injiniya SATA:
Ko kuma ba haɗin ba ne, faifan ne baya jure L1.2 a ko'ina, tebur-tof ɗin bai nuna ba ne kawai don a kashe yake. Gwajin da aka yi bai raba waɗannan biyun ba. In haka ne ma gyaran ba a direban NVMe zai zauna ba, ɓangaren PCI ne, su ma suna da nasu jerin a drivers/pci/quirks.c.

Malam Kanel:
Haka ne, na yi saurin yanke hukunci. To gwaji biyu suka rage. A laftof: cire 10000, ka kashe L1.2 na faifan kaɗai. In kanel ɗinka ya ba da dama za ka ga folda mai suna link a ƙarƙashin na'urar a /sys/bus/pci/devices, a ciki akwai l1_2_aspm, rubuta 0 a ciki. In babu shi to BIOS bai miƙa wa kanel ikon ba, sai ka nemi saitin a BIOS ɗin. A tebur-tof kuma akasin haka, shiga BIOS ka kunna ASPM da L1 substates in akwai, ka ga ko zai faɗi a can.

Anti Sudo:
Kuma ka fara tara kayan rahoton tun yanzu a fayil ɗaya kar ka dogara da ƙwaƙwalwa: sigar kanel daga uname -r, dmesg cikakke ba yanki ba, lspci -nn da -vv na injinan biyu, id-ctrl gaba ɗaya amma ka goge layin sn don lambar faifanka ce, sunan allo daga dmidecode, sai jerin gwaje-gwajen kowanne da awa nawa ya yi da abin da ya faru. Ka maimaita aƙalla sau ɗaya da kanel na baya-bayan nan daga tushe ba wanda ya zo da Linux ɗin da ka ɗora ba, don abu na farko da za su tambaya kenan. In lokacin turawa ya yi scripts/get_maintainer.pl zai gaya maka wa za ka aika wa, a NVMe su Keith Busch da Christoph Hellwig ne za su fito, kuma saƙon ya zama rubutu zalla ba HTML ba in ba haka ba jerin zai ƙi karɓa. In faci ne ka bi da shi ta checkpatch.pl ka sa Signed-off-by.

Mai Sukudireba:
Ni dai har yanzu in mutum ya kawo min aiki yana jira a tsaye layin zan sa masa, ba zan ɓoye ba. Amma daga yau zan riƙa gwada lamba tsakanin exlat biyun maimakon 0, kuma zan riƙa rubuta sunan faifan da na allon a littafi. Baƙin Allo turo min sunan samfurin naka ta inbox, kamar akwai irinsa guda a cikin kayana, in shi ne zan gwada a wani laftof daban ka samu na uku.

Baƙin Allo:
Na tura maka Oga, Allah ya saka da alheri. Malam na samu link ɗin, l1_2_aspm yana nan da 1 a ciki, na mayar da shi 0 na cire 10000, get-feature na nuna mataki na 4 ya dawo. Yanzu awa 3 kenan yana zaune bai tafi ba, da can baya wuce minti 30. Zan bar shi har safe. Abu ɗaya kawai, a BIOS ɗin yayana na ga ASPM amma ban ga L1 substates ba ko'ina, in na kunna ASPM ɗin kaɗai gwajin zai ƙirgu?

Injiniya SATA:
Kunna ka shiga ka duba L1SubCtl1 ɗin. In ka ga ASPM_L1.2 da alamar ƙari ya ƙirgu, in ragi ne to rubuta a rahoton cewa a wannan injin L1 kaɗai aka gwada, sai mu jira na Mai Sukudireba. Kuma ka tuna 0 ɗin da ka rubuta a link baya tsira bayan ristat, in wuta ta yanke ko ka kashe cikin dare sai ka sake sa shi kafin ka fara ƙirga awannin.